Tushe Ɗaya a Kan Gangare: Yadda Masoya Fure Suka Kusa Ƙarar da Shi a Arewacin Ingila

## Wurin da furen

A tsaunukan Yorkshire Dales, a arewacin Ingila, akwai wani gangare da hukumomi ba sa ambaton sunansa a rubuce, kuma a nan ma haka za a bar shi. Ƙasarsa ba ta da kauri, da an ɗan tona sai a tarar da dutsen farar ƙasa, ga itatuwa jefi-jefi da ba sa hana rana sauka. A kan wannan gangare ne tushe ɗaya tak na wani fure ya rage a duk faɗin Birtaniya. Matsalar wurin, tun daga 1930 har yau, ita ce mutanen da ke son hawa su gan shi.

Turawan Ingila suna kiran furen takalmin uwargida, masana kuma suna ce masa Cypripedium calceolus. Dangin okid ne, wani babban rukunin furanni masu siffofi na ban sha'awa. Tsayinsa kan kai rabin mita, ganyensa faffaɗa ne mai jijiyoyi a tsaye, a can samansa fure ɗaya, wani lokaci biyu. Furen wata 'yar jaka ce rawaya mai sheƙi, buɗe ta sama, kewaye da ita kunnuwa huɗu masu launin ja mai duhu, biyu na gefe a murɗe. Yana buɗewa daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni, bayan sanyi ya gama sakin tsaunuka, cikin 'yan makonni kuma ya yi yaushi.

Daidai wannan lokaci ne Dales ke cika da masu tattaki. Yankin gandun ƙasa ne tun 1954, kuma tsaunukansa ba su da wani tsayin a-zo-a-gani: Whernside da ya fi kowanne mita 736 ne, Ingleborough 723, Pen-y-ghent 694. Ko dattijo mai sanda yana iya hawa. Ƙungiyoyin masu sha'awar tsirrai sukan fita ayari-ayari, jaka a baya, kyamara a wuya, kowa da jerin furannin da yake son ya ce ya gani da idonsa. Da wuya a sami jerin da babu takalmin uwargida a kansa.

Sai an san yadda furen ke haihuwa za a fahimci sauran labarin. Ba shi da ruwan zaƙi ko ɗigo. Da ƙanshi da launi kawai yake yaudarar wasu ƙananan ƙudan zuma, irin waɗanda ba sa zaman amya, kowanne na haƙa raminsa a ƙasa. Ƙudan ya sauka a bakin jakar, santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki. Bakin a lanƙwashe yake ta ciki, don haka ba ya iya fita ta inda ya shiga. Haka zai yi ta kewaye har ya bi wasu 'yan gashi zuwa bayan jakar, inda haske ke shigowa, ya kutsa ta wata 'yar ƙofa matsattsiya. A hanyar fitarsa yakan fara gogar macen furen, sannan bununi mai danƙo ya manne masa a gadon baya. Bununin da ya ɗauka sai a fure na gaba zai sauke shi. In furanni ba su da yawa a wuri, ba lalle ne ƙudan da ya sha wannan wahala a banza ya sake faɗawa wani ba.

In an dace an yi barbara, kwanso ɗaya yakan ɗauki dubban iri, ƙanana kamar ƙura, ba su da guzurin abinci a jikinsu. Irin ba ya tsira sai iska ta jefa shi inda wata funfunar ƙasa take, ta shige shi ta ciyar da shi. Yakan yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa kafin ganyen farko ya leƙo, ya ƙara wasu shekarun kafin fure. Amma in ya kafu, saiwarsa mai kauri da ke kwance cikin ƙasa tana iya rayuwa fiye da ɗan Adam. Shuka ce mai wuyar haihuwa, mai wuyar mutuwa, muddin ba a tone ta ba.

Furen bai ƙare a duniya ba. Yana nan a tsaunukan tsakiyar Turai, da ƙasashen arewacinta, har zuwa Siberiya. Abin da za a bi a nan na Ingila ne kaɗai.

## Ƙarni na 17 zuwa 1917: tono

Tun a ƙarni na 17 aka rubuta cewa yana fitowa a wani daji kusa da Ingleborough, kuma a wannan rubutun na farko ma ana maganar tono saiwarsa a aika Landan a dasa a lambu. Ana samunsa a lokacin a yankunan dutsen farar ƙasa na Yorkshire da Durham da Derbyshire da ɓangaren da yau ake kira Cumbria, ko da yake bai taɓa yawa ba.

A zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, haukar okid ta kama masu hali a Ingila. Wasu lambunsu suke son ƙawatawa. Wasu kuma masu tara busassun tsirrai ne, su tumɓuke shuka har saiwa, su danne ta tsakanin takardu, su rubuta wuri da kwanan wata a gefe. Jirgin ƙasa ya sauƙaƙa wa baƙi isa ƙauyukan da a da sai an yi kwanaki a hanya. Mutanen ƙauyukan suka ga akwai kuɗi a abin, suka shiga tonowa suna kaiwa kasuwannin Skipton da Settle. Duk sa'ad da ya ƙara ƙaranci sai farashinsa ya ɗaga, farashi na ɗagawa kuma masu nema su ƙaru. Tumaki, waɗanda su ne dukiyar Dales, suka taimaka ta nasu ɓangaren, suna cinye duk wani tsiro da ya leƙo a inda aka sare itatuwa.

A 1917 aka bayyana cewa furen ya ƙare a Birtaniya.

## 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1960: rufin asiri

Bayan shekara 13, a 1930, aka yi kiciɓis da tushe ɗaya a kan gangaren da ake magana. Babu dokar da ta hana tone shi a lokacin, babu hukumar da aikinta ne ta tsare shi. Maganin farko da aka gwada shi ne kame baki. 'Yan tsirarun da suka san wurin suka yi alkawarin ba za su faɗa ba.

Ta wani ɓangaren dabarar ta yi amfani, tunda ba a tone shi ba. Amma sirrin da mutum goma suka sani ba ya daɗewa. Wannan ya faɗa wa amininsa, aminin ya kai nasa aminin, kowa yana ganin shi kam ba ɓarawo ba ne, kallo kawai zai yi. Bayan yaƙin duniya na biyu motoci suka yawaita, kyamara ta yi araha, wurin ya zama abin da masana tsirrai da yawa suka sani amma ba a faɗa a fili.

A nan ne ɓarnar ta canza kama. Mai tono da dare yake zuwa, shi kaɗai, sau ɗaya. Masu kallo da rana suke zuwa, a ayari, kowace shekara. A kan gangare mai santsi ba kowane wuri ne ake iya tsayawa ba, don haka kowa inda na gabansa ya taka nan yake takawa. Hoton fure ba ya kyau daga tsaye, sai an durƙusa, gwiwa ɗaya a ƙasa, gwiwar hannu a kan ciyawa, a matsa kusa har numfashi ya motsa furen. Na farko ya tashi, na biyu ya durƙusa a gurbinsa. Ƙasar da ke kan saiwa ta daddanne ta yi tauri, ciyawar da ke riƙe da ita ta mutu, ruwan sama ya zo ya wanke abin da ya saura zuwa gindin dutse. In ma akwai wani ɗan tsiro da ya shekara biyar yana ƙoƙarin leƙowa, ganyensa ɗaya ne da ba a bambance shi da ciyawa, takalmi ɗaya ya ishe shi.

A cikin waɗannan shekaru tushen ya yi rauni. Akwai shekarun da ko fure bai yi ba.

## Wajen 1970 zuwa 1982: mai gadi, keji da doka

Wajen 1970 aka kafa kwamiti sukutum saboda wannan shuka ɗaya, mai suna Kwamitin Cypripedium. A cikinsa akwai hukumar gwamnati mai kula da halittun daji, da ƙungiyar masana tsirrai ta ƙasa, da ƙungiyoyin masana halittu na Yorkshire. Har yau kwamitin yana nan.

Matakin farko shi ne gadi. Daga sa'ad da tsiron ya fito har ya gama zubar da iri, akwai mutumin da ke zaune kusa, dare da rana. Aikin ba na tsoron ɓarawo kaɗai ba ne. Mai gadi yana ƙirga rassa da furanni, yana tsince dodon koɗi da ke son ganyen, yana duba kejin wayar da aka kifa wa shukar saboda zomaye da tumaki. Mafi wuya a aikinsa shi ne tarar mutanen kirki da suka yi tafiyar sa'o'i, wasu ma sun fi shi sanin tsirrai, ya ce musu su juya. Kwamitin ya fito fili ya roƙi jama'a, har da masana, su daina zuwa.

Doka ta biyo baya. A 1975 majalisar Birtaniya ta sa furen cikin 'yan tsirran da aka haramta tsinka ko tumɓukewa. Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta ƙarfafa haramcin, ta haɗa da sayarwa.

Sai kuma barbara. Tunda ba a iya dogara da ƙudan zuma ba, aka koma yi da hannu: a lakato bununi da ɗan tsinke a shafa wa macen furen, kamar dai yadda masu dabino ke hawa su ɗaura wa macen bununin namiji.

Da ƙafafu suka ragu, tushen ya farfaɗo. Rassa suka ƙaru shekara bayan shekara, furanni ma haka, kwanso ya fara samuwa. Amma duk yawan rassan nan saiwa ɗaya ce. Zaizayar ƙasa ɗaya, ko cuta, ko mutum ɗaya da shebur a daren da mai gadi ya gyangyaɗa, sun isa su mai da lamarin 1917. Masu son gani kuma ba su ragu a zuci ba, an dai hana su ne.

## 1983 zuwa 2000: a cikin kwalba

A 1983 lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan ya soma wani shiri na ceton okid ɗin Birtaniya, da kuɗin da Sir Robert Sainsbury da matarsa suka bayar. Manufar game da takalmin uwargida ita ce a tsirar da irinsa a ɗakin gwaje-gwaje, a samu da yawa a mayar daji. Margaret Ramsay na cikin waɗanda suka daɗe suna jan wannan aiki.

Hanyar da aka fara bi ita ce kwaikwayon abin da ke faruwa a ƙasa: a ciro funfuna daga saiwa, a rene ta a kwalba, a zuba mata iri. Ga wasu okid ɗin wannan hanya ta ci. Ga takalmin uwargida ta ƙi. Funfunar da aka iya renowa ba ta tsirar da irin ba.

Aka koma ba shi abinci kai tsaye, ba tare da funfuna ba. Nan ma aka ci karo da wata matsala. Irin da ya nuna ya bushe yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi, yana iya kwanciya a kwalba wata da watanni ko motsi babu.

Abubuwa biyu ne suka buɗe ƙofa. Na farko lokaci: a yanke kwanso tun yana kore, kimanin mako 7 zuwa 8 bayan barbara, sa'ad da ɗan cikin ya haɗu amma fatarsa ba ta yi tauri ba. In an yi gaggawa irin bai isa ba, in an yi jinkiri ya rufe kansa. Wannan ya sa sai an rubuta ranar barbarar kowane fure a kan dutse, a ƙirga kwanaki, a yanke a kai Landan. Na biyu abinci. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai renon okid, Svante Malmgren, ya haɗa wani abinci da irin ke karɓa, wanda a cikinsa akwai ruwan abarba da irin ruwan gina jiki da ake ƙara wa jariran da aka haifa bakwaini a asibiti.

Ko bayan ya tsira, aikin bai ƙare ba. Ana ajiye kwalaben cikin duhu har saiwa ta fito da ɗan toho. Sannan a fito da su a sa a firij na tsawon watanni, domin in bai ji sanyin hunturu ba, ko na ƙarya ne, ba zai fitar da ganye ba. Daga nan sai tukunya.

A ƙarshen shekarun 1980 aka dasa 'yan tsiron farko a daji. A 1991 English Nature, hukumar gwamnati mai kula da halittun daji a lokacin, ta ƙaddamar da shirinta na farfaɗo da halittun da ke gab da ƙarewa, takalmin uwargida na cikin na sahun farko, kuɗi da ma'aikata suka ƙaru. Sai a shekara ta 2000 ɗaya daga cikin dashen farkon ya yi fure, bayan fiye da shekara 10 a ƙasa.

## Shekarun 1990 zuwa na 2000: dashen da dodon koɗi ya cinye

Da aka iya tsirar da iri, aka samu 'yan tsiro da yawa, aka shiga kai su wuraren da tarihi ya nuna furen ya taɓa zama. An zaɓi wuraren ne a ɓoye, tare da masu filaye da suka yarda.

Mafi yawan dashen farko sun mutu. An kai su ne suna ƙanana, ganye ɗaya ko biyu, kuma ɗan tsiron da ya tashi a kwalba bai san komai na daji ba. Dodon koɗi, musamman irin marar ƙoƙo a baya, yakan share shi a dare ɗaya na ruwa. Ɓerayen daji suna cin saiwa ta ƙasa. Zomo ya ɗauki nasa. Wasu wuraren kuma inuwa ta yi yawa, wasu rana, wasu ruwa yana kwanciya. Tarihi ya faɗi sunan daji, bai faɗi a gindin wane dutse shukar ta tsaya ba, kuma dajin da aka gani a 1850 ba shi ne na 1995 ba.

Gyaran da aka yi shi ne haƙuri. Maimakon a fita da tsiro yana jariri, sai a riƙe shi a tukunya shekaru, har saiwarsa ta yi kaurin da ko an cinye ganyen bana za ta sake fitar da wani baɗi. Wannan reno ya fi ƙarfin ma'aikatan Kew kaɗai, sai aka rarraba wa ƙwararrun masu renon okid, da yawansu 'yan sa-kai, kowa ya riƙe nasa a gida ko a gandun reno. Aka kuma riƙa kifa wa kowane dashe kejinsa, ana zagayawa a duba. Waɗanda suka rayu suka ƙaru, wurare da dama suka fara ganin fure kowace shekara.

## 2004 zuwa 2010: Silverdale da wuraren kallo

A wancan lokaci akwai wani tsohon tushe a gefen filin wasan golf na Silverdale, a Lancashire, wanda kowa ya san inda yake. Shi ne masu son gani suka riƙa zuwa wurinsa da aka rufe musu na Yorkshire. A 2004 wani ya kai masa hari ya lalata shi, da ƙyar ya farfaɗo. A 2009 aka sake yankar wani ɓangarensa. A 2010 sai da 'yan sanda suka riƙa sintiri a wurin lokacin furensa, jaridu suna cewa yanki ɗaya nasa na iya kai fam 5,000 a hannun masu tarawa. Doka tana nan shekara 35 a lokacin.

A tsakanin nan ne masanan Kew, ƙarƙashin Michael Fay, suka gwada ƙwayoyin halittar tsirran da ake da su, suka kwatanta da na sauran Turai. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna na Silverdale ba ɗan ƙasa ba ne, daga wata ƙasar Turai aka kawo shi aka dasa tun da daɗewa. Gwajin ya kuma tabbatar da wani abu mai amfani: wasu 'yan tsirran da ke lambunan mutane asalinsu daga dajin Ingila aka tono su. Abin da kakanni suka ɗauke ya zama shi ne abokin barbarar tushen da ya rage, aka daina dogara da bununinsa shi kaɗai.

Sai kuma matakin da ya shafi masu tattaki kai tsaye. Tunda yanzu akwai tsirrai a hannu, aka ware wasu aka dasa su da gangan inda jama'a za su gani. Gandun Gait Barrows, kusa da Silverdale, ya riƙa buɗe wa mutane a lokacin fure, da hanya da alamomi da igiyar da ke nuna iyakar inda ƙafa za ta tsaya. A Kilnsey Park, cikin Dales ɗin kansa, aka yi haka. Ayari ya zo, a nuna masa, kowa ya durƙusa ya ɗauki hotonsa a wurin da aka shirya don durƙuso, ya ja layi a jerinsa ya tafi. Dalilin hawa wancan gangaren ya ragu ƙwarai.

## 2023 zuwa 2025: tsiron da ba wanda ya dasa

Duk da furannin da ake gani a wuraren dashe, akwai abin da ba a samu ba. Kowane tushe hannun mutum ne ya kai shi. Muddin haka ne, lambu ake yi a cikin daji.

A 2023 ƙungiyar Yorkshire Wildlife Trust ta samu tallafi daga hukumar Natural England, wadda ta gaji English Nature a 2006, don ƙara ƙaimi a aikin, tare da Kew da ƙungiyoyin kare muhalli na National Trust da Plantlife da hukumar gandun Dales da ƙungiyar masana tsirrai. A Yunin 2024, a ɗaya daga wuraren dashe, masu zagaye suka ga sabon tsiro a inda ba wanda ya dasa komai. Ma'anarsa dashen ya yi iri, irin ya faɗa ƙasa, ya sami funfunar da ta ƙi zama a kwalba, ya yi shekarunsa a ɓoye ya fito. An sanar da labarin a 2025. Shi ne sabon tushe na farko da aka samu ya fito da kansa a dajin Birtaniya tun 1930. Shi ma ba a faɗi wurinsa ba.

## Hukunci

Rufin asiri ya sayi lokaci, shekara 40, kuma ba don shi ba da babu abin da za a tsare. Amma shi ne ya fi kowane mataki rauni, domin ya ɗauka cewa maƙiyin furen ɓarawo ne. Daga 1930 zuwa gaba, waɗanda suka fi matsa wa tushen mutanen da za su rantse sun fi kowa son sa ne, kuma gaskiya suke faɗa. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu shi kaɗai. Nauyin jimlarsu ne ƙasar ba ta iya ɗauka.

Doka ita ce ta fi ƙarancin tasiri a ganina. Ta zo bayan an gama ɓarnar da take hanawa, kuma abin da ya faru a Silverdale ya nuna ba ta tsayar da mai niyya. Ba ta kuma ce komai game da takalmi da gwiwa ba. Gadi ne ya yi aikin da ake jingina wa doka. Shi ya mai da tushe mai rauni ya zama mai ƙarfin ba da iri, kuma da irin nan aka yi duk abin da ya biyo baya. Sai dai gadi ba ya ƙarewa, kowace shekara sai an sake biya, kuma bai ƙara ko tushe ɗaya ba.

Abin da ya juya lamarin shi ne haɗuwar abu biyu da suke dogare da juna. Kwalbar Kew ta kawar da ƙarancin da ke jawo ɓarawo da ɗan kallo, wuraren kallo kuma suka ba ɗan kallo abin da ya zo nema. Shekara da shekaru ana ce wa mutane kada su zo, ba a ba su wani wurin da aka shirya don kallo ba, saboda babu. Ranar da aka samu, roƙon ya zama mai sauƙin bi. Wanda ya yi tafiya ya ga furen a Kilnsey ba shi da hujjar matsa wa mai gadi. In akwai abin da zan ce an yi jinkirinsa, shi ne gane cewa ƙaramin tsiro ba ya rayuwa a daji. An yi asarar shekaru da tsirrai masu yawa kafin a koma renon tukunya, a shukar da kowane kuskure sai an jira shekaru kafin a ga sakamakonsa.

Akwai kuma inda nake da ja. An dage cewa abin da za a mayar daji sai mai asalin Ingila, kuma dalilin a fili yake, ba a son a ce an ceci furen ƙasa alhali baƙo aka shigo da shi. Amma iyayen duka ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Zuriyar da ta fito daga irin wannan ƙaramin gida tana iya kasa jure cuta ko canjin yanayi, ga danginta birjik a tsaunukan Turai. Tambayar ko za a ɗan buɗe ƙofa ga jinin waje za ta dawo, ko da ba yanzu ba.

Ma'aunin da ya rage ba yawan dashe ba ne, ba kuma yawan furannin da ake ƙirgawa a Yuni ba. Yawan tushen da suka fito da kansu ne, domin da su kaɗai za a iya tunanin ɗage keji a sallami mai gadi. Zuwa sanarwar 2025, wanda aka bayyana guda ɗaya ne.